Kwana Tara a Ikko Neman Marsandi Mai Buɗaɗɗen Kai

Ranar wata Laraba bayan La'asar Alhaji ya aiko direbansa ya ɗauke ni daga filin da muke sayar da motoci a titin Zariya. Na fi shekara goma ina nemo masa mota, don haka na zaci jif za a sauya wa Hajiya. Da na durƙusa na gaishe shi, sai ya miƙo mini waya, jikansa ya buɗo hoto. Marsandi ce mai ƙofa biyu, dogon hanci, kanta a buɗe, tsohon yayi.

"Ka san wannan?"

"Ranka ya daɗe, SL ce. Ai ta daɗe da barin kasuwa."

Ya gyara zama ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. A 1977, shekarar bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, yana yaron mota a motar goro da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko. Wata rana a Marina, da huhun goro a kansa, irin wannan motar ta wuce shi, mai ita ya ɗora gwiwar hannu a ƙofa, iska na kaɗa hularsa. Ya ce ya tsaya cak har ubangidansa ya daka masa tsawa. Tun daga nan ya hau motoci ba adadi, amma waccan ba ta fita ransa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Ba na son wadda aka yi wa kwalliya. Yadda Bajamushe ya ƙera ta nake so. Ko daga Amurka ne, a kawo."

Wannan samfuri, wanda kamfanin Mercedes ke kira R107, an yi shekara 18 ana ƙera shi, daga 1971 zuwa 1989, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa fasalin jikinsa ba sai 'yan gyare-gyare. Saboda haka wadda Alhaji ya gani da wadda ta fito a ƙarshe kamar an tsaga kara suke. Na san ni kaɗai ba zan iya wannan aiki ba. Na je Ƙofar Ruwa na roƙi wani dattijon bakanike da kowa ke kira Oga, wanda ya koyi aiki tun zamanin Marsandi 200 da 230, ya raka ni. Ya amince. Duk kayan da ya ɗauka ba su wuce tocila, ƙaramin madubi, sukundireba biyu da wani guntun maganaɗisu naɗe a hankici ba.

Ranar Lahadi da Azahar muka hau bas daga Sabon Gari, kowannenmu naira 40,000. Daga Kano zuwa Kaduna babu abin faɗi. Abuja cikin barci na wuce ta. A Lakwaja direba ya ajiye mota ya ce ba zai shiga hanyar Okene da tsakar dare ba, kuma ba wanda ya yi masa gardama. Muka yi Asuba a gefen titi, muka karya da soyayyen kifi da shayi, sannan muka ɗau hanya.

Tsakanin Okene da Owo ne shingaye suka yi yawa, na fara ƙirgawa har lissafi ya ɓace mini. A ɗaya daga ciki aka sauke mu duka aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Wani matashin jami'i ya zaro maganaɗisun Oga ya ɗaga sama yana tambayar na mene ne. Oga ba ya jin Turanci sosai, ni kuwa da na fara bayani sai aka ce in yi shiru, ba da ni ake ba. Mun fi minti ashirin a rana. Can wani babbansu ya iso, ya dubi Oga ya ce da Hausa, "Baba, mota za ka duba?" Oga ya ce e. Mutumin ya miƙa masa abinsa da hannu biyu, ya ce mahaifinsa ma fanalbita ne, ya san aikin wannan ƙarfe. Ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Mun baro Kano ruwa ya ɗauke, ana girbin gero, kara ya fara bushewa. Amma daga Akure zuwa Ife zuwa Badun ruwa ne ke ta tsuga, daji ya haɗe kore shar har kusan rufe titi. Oga ya goge gilashin taga da yatsa, ya nuna mini raɓar da ta taru ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne abokin gabarmu a tafiyar nan." A lokacin ban gane ba.

Gab da Magariba muka hau doguwar gadar Kara, na hango garken shanu da rumfunan mutanenmu a ƙasa, hayaƙi na tashi daga wurin masu babbaka. Muka sauka a Berger. A nan na fara yin kuskure, domin na ɗauka ita ce Berger ɗin da ake sayar da motoci. Ɗan Kawuna da ya zo tarbarmu ya ce a'a, wannan ta Ojodu ce, ta motoci tana can wajen Apapa, tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

A Agege muka sauka, gidan Kawu, yayan mahaifiyata, wanda fataucin goro ya kawo shi tun ban zo duniya ba. Gidan na kusa da layin dogo. In ka rufe ido da safe ka saurari gaishe-gaishe da kiran masu koko, sai ka rantse a Fagge kake, sai dai in yara sun fara faɗa, nan take sukan juya zuwa Yarbanci. Ɗakin da aka ba mu a saman shago yake. Zafin Ikko ba irin namu ba ne. A Kano rana ce ke dukan ka, ka shiga inuwa ka huta. A can kuwa inuwar ma jiƙe take, ka yi wanka ka fito kana gumi, rigar da ka shanya da dare ka same ta da danshi da safe. Abin da ya wanke mini rai shi ne karin kumallo: burodin Agege mai laushi da nauyi, ka tsaga shi ka cusa dafaffen wake da wani baƙin yaji da aka soya a manja. Mu biyu ba mu kashe naira 3,000 ba, kuma har Azahar ban nemi komai ba.

Kawu ya haɗa ni da wani amininsa Bakatsine da ya shekara talatin yana fito da kaya a tashar jiragen ruwa. Ranar Talata muka bi titin Oshodi zuwa Apapa don mu gan shi. Daga Mile 2 tankoki da tireloli suka jeru a gefen hanya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, yawancinsu 'yan uwanmu ne. Daga inda muka tsaya a kusa da tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, na ga jirgin dakon motoci a karo na farko da idona. Gini ne guda mai hawa da yawa yana shawagi a ruwa, an buɗe masa baya, ana tuƙo motoci ɗaya bayan ɗaya kamar ana fito da tumaki daga garke. Shekara da shekaru ina sayar da motocin da suka fito ta nan, ban taɓa ganin ƙofar da suke fitowa ba.

Na nuna wa Bakatsinen hotunan wata 560SL da wani ɗan uwanmu mazaunin Amurka ya turo mini, na ce ita nake so a ɗoro. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, bari in gaya maka gaskiya tun ba ka tura kuɗin mutane ba." Ya bi mini hanyar daki-daki. Mota irin wannan ba a saka ta a jirgin da ake tuƙa ta ciki a tuƙo ta waje, don hannaye da yawa za su taɓa ta. Sai dai kwantena, a ɗaure ta ita kaɗai, kuma wannan ya fi tsada. Ta yi makonni a teku. In ta iso, kuɗin fito da dala ake lissafa shi, tun 2022 kuma da lambar cesis ake ƙiyasta darajar mota. Kowace ranar jinkiri akwai kuɗin ajiya da ke hawa. Duk wannan, in ji shi, mai sauƙi ne. Babban dutsen shi ne dokar shekaru: jerin kayan da Kwastam ta haramta shigo da su ya haɗa da motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, a da 15 ne. Tamu kuwa ta haura talatin.

Wani saurayi da ke zaune a ofishin ya biyo ni waje ya ce kada in damu, a sauke ta a Kwatano, shi zai shigo da ita cikin dare. Na san tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Na kuma hango Alhaji, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, an tare shi a titi an sauke shi daga motar da ya yi kusan shekara hamsin yana mafarki. Na yi wa saurayin godiya na wuce.

Da na koma ciki Bakatsinen ya ce, "Ka daina kallon teku. Irin waɗannan motoci sun shigo garin nan da takardunsu tun lokacin da naira ke da ƙarfi. Suna nan kwance a gidajen Ikoyi da Surulere da Ikeja. Masu su sun tsufa ko sun rasu. Ka nema a tudu."

Kwana biyu muka yi muna yawo. A wani fili da ke yankin Mile 2 aka yaye mana tamfol daga kan wata ja, wallahi sai da gabana ya faɗi. Fenti na ɗaukar ido, kujeru sababbi fil, ƙarafan gaba kamar madubi. Na riga na ciro waya zan tura wa Alhaji hoto, Oga ya riƙe mini hannu. Ya ɗauko maganaɗisunsa yana bin jikin motar a hankali. A ƙofa ya kama. A saman taya ya kama. Da ya iso ƙasan ƙofa, inda ake kafa jek, sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Babu ƙarfe a wurin, cikon fanalbita ne aka shafe da fenti. Ya sa aka buɗe gaba, ya kwance murfin da ke ƙasan gilashi, inda fankar iska take, ya leƙa da madubi da tocila, sannan ya kira ni. Tsatsa ta cinye bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, har ana hango haske ta wancan gefen. Nan ne raunin wannan samfuri. Ruwa kan taru a wurin in magudanar ta toshe, ya yi ta ci daga ciki shekara da shekaru, waje kuwa lafiya lau. Kyan ɗan maciji ke nan. A nan na gane abin da Oga yake nufi da raɓar gilashi. Iskar Ikko da gishirin teku take tafe, ƙarfe ba ya hutawa. Mu a Kano rana ce ke fasa dashbod ta ƙona fenti, amma ka ɗaga motar da ta shekara talatin a Kano ka ga cikinta fes.

Mai filin ya ja ni gefe ya faɗi abin da zai ba ni in na rufe baki. Kuɗin ya ninka la'adar da nake tsammani daga Alhaji. Ba zan ɓoye ba, na yi shiru na ɗan lokaci, domin ina da ginin da ya tsaya a linta. Alhaji ba zai taɓa kwance wannan murfin ba. Amma Oga na tsaye yana goge hannu da tsumma, bai ce uffan ba, kallona kawai yake yi. Na ce wa mai filin Allah ya kawo kasuwa.

Ta biyu a Lekki take. Muka bi ta gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, gidajen katako na Makoko na tsaye a ƙasa kan turaku. Jikin motar ba laifi, amma da aka buɗe gaba sai muka tarar an cire injinta an dasa na wata motar Jafan. Ko minti biyar ba mu yi ba.

Daren Juma'a na zauna a teburin mai shayi a Agege raina a jagule. Kuɗin guzuri ya yi ƙasa, taksi kaɗai ya ci fiye da naira 60,000, ga shi ba ni da abin da zan gaya wa Alhaji. Ina nuna wa ɗan Kawu hoton, wani mai gyaran takalmi da ke gefena ya leƙo ya ce, "Ai wannan motar Baba ce." Na ce wane Baba? Ya ce wani tsoho mutumin Damagaram da ke gadi a GRA ta Ikeja. Duk Asabar in ya bi layin da akwatinsa yakan ji ƙararta, wani lokaci Baba ya ba shi ruwa ya sha.

Abin da dillalai da intanet suka kasa, mai gyaran takalmi ya yi shi a kan kofin shayi. Duk wanda ya san Ikko ya san mutanenmu ne ke ƙofar gidajenta. Masu gadi, masu ruwa, masu yankan farce, sun san abin da ke bayan kowace katanga.

Da hantsi ranar Asabar muka isa. Tsohon gida ne irin ginin Turawa, da manyan itatuwan mangwaro. Baba dogo ne siriri, da rawani fari da ya sha wanki. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Kano, ya tambayi damina. Da na faɗi abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta sauya. Ya ce shi ba shi da ikon cewa komai, sai Mama, uwargidan. Amma tunda yau Asabar ce, lokacin tayar da ita ya yi, in muna so mu tsaya mu gani.

Ya buɗe garejin. Abin da na fara lura da shi ba motar ba ce. Ƙasan wurin an shimfiɗa katakai, tayoyin na kansu. A kusurwa huɗu akwai buhunan gawayi a buɗe. Tagogin sama biyu an cire musu gilashi an sa raga don iska ta ratsa. Motar kuma ba tamfol aka rufa mata ba, tsofaffin zannuwan gado ne na auduga. Oga ya dube ni, na dube shi.

Baba ya naɗe zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Launinta ruwan madara, kujerun fata ruwan ƙasa, da rufin ƙarfe a kanta. Fitilu huɗu zagayayyu da dogayen bamba sun nuna 'yar Amurka ce. A bayanta an rubuta 560SL, wadda aka ƙera daga 1986 zuwa 1989 don kasuwannin Amurka da Jafan da Ostareliya, mai inji silinda takwas, lita 5.6. Sitiyarinta a hagu, daidai da titunanmu tun da muka koma bin dama a 1972. Fentin ba ya walƙiya kamar na jar nan. Wani irin haske ne mai kwanciya, irin na tsohuwar tasa da ake sharewa kullum.

Ya ce marigayi Dakta, mai motar, shi ne ya koya masa yadda ake kula da ita. Duk Asabar a tayar da ita, a bar ta ta yi zafi sosai, a fita da ita zuwa ƙarshen layi a dawo, a taka birki, a kunna na'urar sanyi ko da ana ruwa. Kada a wanke ta da yamma, kada a rufe ta da jiƙa. In damina ta kama a zura waya a magudanun ruwa. Gawayin kuwa dabararsa ce, a garinsu haka ake yi wa ɗakin ajiya. Shekara goma sha huɗu da rasuwar Dakta, Baba bai tsallake Asabar ɗaya ba, sai shekarar da ya je gida jana'izar matarsa, a nan ma sai da ya bar wa wani yaro amana. Bai iya karatun boko ba, amma yana da littafin makaranta da yake jan layi a ciki duk ranar da aka sauya baƙin mai.

Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

Oga ya yi awa uku a kanta. A gefunanta maganaɗisu ya kama ko'ina. Ya kwance murfin nan na ƙasan gilashi ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago kuma sai ya je ya kama hannun Baba ya riƙe. Ya ɗaga kafet ya shinshina, babu warin ruwa. Ya bi robobin ƙofa da farce yana neman inda sabon fenti ya taɓa, bai samu ba. Ni kuma na duba lambar cesis mai harafi da lamba 17, na goma a jerin H ne, wato 1987, ya kuma dace da abin da ke takarda. Mita na nuna mil 46,000 da 'yan kai. Ba a rasa abin gyara ba. Tayoyin sun tsufa ko da ba su cinye ba, wasu tiyoyin ruwa sun yi tauri, tagar roba ta rufin yadi da ke naɗe a baya ta yi rawaya. Oga ya ce kafin a yi doguwar tafiya da ita dole a sauya robobin da sarƙar inji ke bi ta kansu, domin da tsufa sukan yi ƙarfi su karye, in kuwa suka karye inji ya tafi.

Mama ta fito da sanda, tsohuwa fara tas da furfura. Na fara haɗa Turancina, sai ta ce, "Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Kun sha hanya." Hausa tsantsa, ta Zazzau. A Sabon Garin Zariya aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ta sa aka kawo mana amala da miyar ayoyo da ta wake, ta zauna tana kallo har muka cinye. Sannan ta aika aka ɗauko wani gwangwanin biskit. A ciki akwai takardar mallaka ta Amurka, takardar lodin jirgi, rasiɗin biyan kuɗin fito na lokacin da Dakta ya dawo gida da ita a tsakiyar shekarun 1990, da littafin sabis. Ta ce dillalai sun sha zuwa, tana korar su, don tambayarsu ta farko nawa ne. Ta tambaye ni wa zai hau ta. Na ba ta labarin yaron mota da huhun goro a Marina. Ta yi shiru, sannan ta ce a kira mata ɗanta da ke Ingila.

Cinikin ya ɗauki kwana biyu, yawanci ta waya tsakanin ɗan nata da Alhaji. Kuɗin sirrinsu ne. Bakatsinen nan ya karɓi takardun ya bi su, ya dawo ya ce garau suke. Mu kuma muka shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin muka samo matatar mai da tiyoyi da bel. Robobin sarƙa da na ƙofofi kuwa Oga ya ƙi na kasuwa, ya ce sai dai a yi odarsu daga Jamus. Su kaɗai ne abin da aka shigo da shi daga waje a duk wannan hidima.

Ranar Talata aka kawo motar ɗaukar motoci mai shimfiɗaɗɗen baya, naira 650,000 zuwa Kano. Baba ne ya tuƙa ta da kansa ya hau da ita, bai yarda wani ya taɓa ba. Ya duba ɗaurin kowace taya, ya rufa mata zannuwanta kafin a sa tamfol. Na ware wani abu daga la'adata na ba shi, ya ƙi karɓa sai da Mama ta sa baki. Ya ce mini, "Ɗana, ka gaya wa Alhaji Asabar. Kada ya manta da Asabar." Da muka fita na waiga, na gan shi tsaye a bakin garejin da tsintsiya a hannu.

Muka biyo ta Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, muka haye Kwara a Jebba, muka kwana a Mokwa a cikin mota. Daga Bida zuwa Suleja hanya ta ba mu wuya ƙwarai, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina, sau uku ina sa direba ya tsaya mu ƙara ɗaure bel. A shingaye kuwa, da zarar an ga tamfol sai a ce a yaye. Wasu takarda suke nema, gwangwanin biskit ya amsa musu. Wasu kuwa da sun gan ta sai su manta da takarda su ciro waya su yi hoto. Wani dattijon jami'i kusa da Kaduna ya zagaya ta sau biyu ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana ɗan makaranta.

Daren Alhamis muka shiga Kano. Alhaji bai kwanta ba, yana zaune a kujera a tsakar gida da fitila a kunne. Aka sauke ta. Ya zagaya ta a hankali yana shafa ta da tafin hannu, bai yi magana ba. Can ya ce a cire rufin.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Rufin ƙarfen wannan mota ba da maɓalli ake buɗe shi ba. Akwai wasu 'yan hannuwa biyu na ƙarfe da ake zurawa a makullan da ke saman gilashi a murɗa, sannan mutum biyu su ɗaga shi. Muka duba aljihun gaba, muka duba but, muka zazzage jakar kayan aiki, babu su. Oga ya ce zai iya buɗewa da wani ƙarfen, amma yana tsoron ya ƙwarzane wurin. Alhaji ya ce kada a taɓa.

Da Asuba na kira Baba. Ya yi salati ya ce suna cikin jakar da yake ajiye carbinsa da Alƙur'aninsa. Tun rasuwar Dakta ya ɓoye su a can don kada jikoki su yi wasa da su, ranar lodi kuma hankalinsa bai kai ba. Ya yi ta ba da haƙuri har na ji nauyi. Na ba Alhaji wayar, suka yi kusan rabin awa suna magana, na ji Alhaji na tambayarsa yawan gawayin da ake sawa, da kuma wa yake da shi a gida Damagaram.

Kawu ya karɓo su ya ba wani direban motar goro. Kwana huɗu suka yi a hanya. Sun iso naɗe cikin tsumma mai tsabta, tare da littafin nan na makaranta mai layuka, da goro fari guda bakwai. Bayan La'asar ni da Oga muka murɗa makullan, muka ɗaga rufin muka jingine shi a kan katifa. Alhaji ya gyara hularsa, ya shiga, ya ce jikansa ya zauna a gefe. Oga ya roƙe shi kada ya wuce ƙarshen layi tunda kayan Jamus ba su iso ba. Ya ce ya ji. Ya ɗora gwiwar hannunsa a ƙofa, maigadi ya buɗe get.